"Allah ya ƙara basira" ba sharhi ba ne

Jama'a, yau da ƙorafi na zo, kuma da ku nake.

Wata takwas ke nan da na fitar da ɗan littafina kan yadda aka tashi garuruwanmu na bakin ruwa lokacin da aka datse kogin Kwara a Kainji a 1968. Da kuɗin adashe na buga shi, kwafi 300. Na raba kusan 40 kyauta, a ofis da Yelwa da nan Warra. Me ya dawo min? "Masha Allah." "Allah ya ƙara basira." Na gode da addu'a, amma mutum ɗaya tak ya nuna min ya karanta: wani dattijo, tsohon malamin firamare, da ya tare ni ran kasuwa ya ce, "Ɗana, ka haɗa sunayen gungu biyu ka mai da su ɗaya." Wallahi wannan gyaran ya fi min yabo ɗari, don da shi zan shiga bugu na biyu.

Wanda ya buga littafi da aljihunsa ba shi da edita, ba shi da kamfanin da zai yi masa talla. Mai karatu ne editansa, shi ne kuma ɗan tallansa. Haka adabin kasuwar Kano ya tashi. Su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, bakin masu karatu ne ya kai littattafansu lungu-lungu. Ko sukar da Ibrahim Malumfashi ya yi wa irin waɗannan littattafai ta amfane su, don ta jawo muhawara, malaman jami'a suka waiwayo.

Yanzu fa? A WhatsApp marubuciya za ta ce ba za ta saki shafi na gaba ba sai ta ga sharhi, sai a cika mata zaure da sitika. Wani kuma "turo min PDF" kawai ya sani, ya tura wa mutum hamsin, ko sisi bai biya ba.

Mu ma marubuta muna da laifi. Da an ce labarinka ya yi jan rai, sai ka ce hassada ce. To wa zai ƙara faɗa maka gaskiya? Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Roƙona kaɗan ne. In ka karanta littafin ɗan yankinmu, nawa ko na wani, rubuta layi uku a shafinka: me ya burge ka, ina ka ga kuskure, kuma za ka ce wa wani ya saya ko a'a. In ma a shafi na goma ka ajiye, faɗi dalili.

Ku da na ba kwafi, kun san kanku. Ina jira. Allah ya sa mu dace.