Waiwaye: Bakaniken Bayan Asibiti

Waɗanda suka yi wayo a zamanin Gongola za su tuna yadda Jalingo take kafin 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka yanke mana Jihar Taraba. Ciwo in ya yi tsanani, sai a shimfiɗa mara lafiya a mota a nufi Yola. Asibitocinmu ba su da kayan a zo a gani. Amma akwai mutum guda da muka manta da shi sarai, wato bakaniken da ke zaune a ɗan ɗakinsa can bayan asibiti, kusa da janareto.

Ba ya sa farar riga, hannunsa kullum da baƙin mai. Shi ke gyara tukunyar dafa kayan tiyata, shi ke liƙe robar awon jini in ta huje, shi ke tayar da fitilar ɗakin haihuwa cikin tsakar dare. Da jin ƙarar na'ura ya san inda ciwonta yake. Yaransa a gindinsa suke koyo, suna miƙa masa sukundireba suna kallon yatsunsa. Mukan yi wa likita godiya mu shi wa nas albarka, mu wuce shi ko sannu babu.

Yau alhamdu lillahi. Jalingo na da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru, ga Jami'ar Jihar Taraba tun 2008, ga ta Tarayya a Wukari tun 2011. Aikin bakaniken nan ma ya zama ilimin digiri, injiniyancin kayan asibiti, ana karanta shi a jami'o'i irin su Legas da Ilorin. Sai dai duk wanda ya yi jinya a ƙasar nan ya san lungun da ake jibge na'urori masu tsada, wata saboda fis ɗin da ya ƙone, wata saboda babu wanda ya iya buɗe ta. Yaranmu kuwa suna haddace lissafi daga littattafan da aka rubuta a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, ƙurar hunturu ba ta toshe matatar iska.

Akwai labarin da ya kamata kowane malamin wannan fanni ya ba ɗalibansa. Farfesa Hippolite Amadi, injiniya ɗan Najeriya da ke Imperial College a Landan, ya ga kwalaben renon bakwaini an yasar da su a asibitocinmu. Maimakon ya jira sababbi daga Turai, sai ya riƙa kwashe musu tsofaffin kayan ciki yana sa waɗanda ake iya samu da araha, suka koma aiki. A Nguru ta Jihar Yobe kuma ya bi diddigin zazzaɓin da ke kama jarirai da yamma, ya gano cewa zafin da gini ya sha da rana ne yake sauke musu. Maganin bai tsaya ga na'ura ba, sai da aka sake fasalin ɗakin kansa. A 2023 ya ci Kyautar Kimiyya ta Najeriya saboda na'urorin taimakon numfashin jarirai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma Amadi a cikin ɗakin ya zauna har ya sani.

A Disamban 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta fitar da sabuwar manhaja. Ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. A ganina nan ne damarmu take. A kai ɗalibi ɗakin jinya tun yana aji biyu, ya ji koken nas da kunnensa. Jarrabawarsa ta ƙarshe ta haɗa da tayar da matacciyar na'ura a gaban malamai. Watannin sanin makamar aiki ya yi su a ɗakin gyaran asibiti, kada a bar shi ofis yana ɗaukar fayil. Tsofaffin kanikawan da suka rage kuma a gayyato su aji, a ba su kujera da alawus, tun suna da ƙarfin riƙe filaya.

Taraba kuwa Allah ya hore mata abin koyarwa da ba kowace jiha ke da shi ba. A Ibi da Lau, bakin Binuwai, zafi ne ke barazana ga jariri. A Gembu, kan tsaunin Mambila, sanyi ne, ga iskar tudu da ke rage wa na'urar tace oksijin ƙarfi. Duk jami'armu da za ta koyar da wannan fanni, ta tura ɗalibanta su yi aiki a wuraren biyu kafin ta ba su takarda.