Mabuɗin Shafin Ƙungiya, a Hannun Wa Yake?

Kwanakin baya an gayyace ni taron wata ƙungiyar samari ta unguwarmu, irin waɗannan da kan yashe magudanan ruwa kafin saukar damina, su gyara maƙabarta, su tara wa marayu kayan salla, sai na tarar abin da ya zaunar da su tun daga azahar har gab da magariba mas'ala ce wadda iyayensu ba su taɓa saninta ba. Yaron da ya buɗe musu shafi a Facebook shekarun baya, da lambar wayarsa da kalmar sirrin da babu wanda ya sani sai shi, ya sami saɓani da shugaba ya fice, ya tafi da shafin da hotunan ayyukansu da dukan jama'ar da ke bibiyarsu, daga bisani ya sauya masa suna ya mai da shi wurin tallar wani ɗan takara. Abin ya sosa mini rai ƙwarai, domin kuwa waɗannan samari, da ba su yarda a fitar da ko naira dubu daga asusunsu sai da sa hannun shugaba da ma'aji, su ne suka damƙa wa mutum guda sunansu da mutuncinsu ba tare da shaida ko rubutu ba, alhali kuwa kuɗi in ya salwanta ana iya yin karo-karo a mayar, amma suna in ya ɓaci sai an daɗe ana wanki.

Saboda haka ra'ayina shi ne, duk ƙungiyar matasa da ke son a ji muryarta a intanet, wajibi ne ta ɗauki shafinta a matsayin amana, ta yi masa babi a cikin tsarin mulkinta kamar yadda ta yi wa baitulmalinta: a buɗe shi da layin waya da adireshin imel na ƙungiya, a ba mutum uku ikon gudanar da shi, a rubuta wanda ke da izinin yin magana da yawun jama'a, kuma duk ranar da aka sauya shugabanci a miƙa mabuɗin tare da littafin kuɗi a gaban mahalarta.

Amma kafin mabuɗi akwai niyya, kuma a nan ne galibin ƙungiyoyinmu ke tuntuɓe. Za ka ga an buɗe shafi a Facebook da X da Instagram da TikTok a yini ɗaya, don kawai an ga wasu sun yi, ana ta rubutu da Turanci mai tsauri domin burge baƙin da ba su san da zaman ƙungiyar ba, alhali uwar da ake so ta kai ɗanta rigakafi, da ɗan acaɓan da ake so ya zo aikin gayya ranar Asabar, ba su da abin da ya fi musu sauƙi kamar saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp, da Hausar da suke ciniki da ita a kasuwa. Magabatanmu sun riga mu fahimtar wannan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ta yi rubutu da dukansu. Amma da ta ƙudura isar da ilmi ga matan karkara, sai ta zaɓi dattijan mata amintattu, waɗanda ake kira jaji a tsarin 'Yan Taru, ta naɗa musu malfa alamar izini, ta ba su karatun a cikin waƙa mai sauƙin hadda, suka kai shi har cikin ɗakunan da ita kanta ba za ta iya shiga ba. Ta san wa take nufi da magana, ta san harshen da zai ji, ta kuma san ta bakin wa zai yarda. Ƙungiyar da ta amsa waɗannan tambayoyi uku za ta gane cewa dandali ɗaya ko biyu da ake kula da su kullum sun fi biyar da aka bari ciyawa ta cinye.

Sai kuma batun tabbatar da labari, wanda a ganina shi ne mafi nauyi a wuyan mai riƙe da shafi. Ba mu manta da watan Agusta na 2014 ba, lokacin da saƙo ya yi ta yawo daga waya zuwa waya cikin dare cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na kare mutum daga cutar Ebola, har aka kwantar da mutane da dama a asibiti, wasu suka rasa rayukansu, kuma yawancin waɗanda suka yaɗa shi da kyakkyawar niyya suka yi. Al'ummar da malamanta suka ƙare rayuwarsu wajen bin isnadi, suna tantance mai ruwaya ɗaya bayan ɗaya kafin su karɓi hadisi, wadda kuma Suratul Hujurati ta umarce ta da neman tabbaci kafin aiki da labari, bai kamace ta ba a ce 'ya'yanta su ne kan gaba wajen tura abin da ba su san asalinsa ba. Haka nan hoton maraya ko mabuƙaci yana karɓar buhun shinkafa: tun kafin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 addini ya hana mu bin sadaka da gori, don haka a nemi yardarsa, in ba ta samu ba a ɗauki hoton buhun a bar fuskar bawan Allah.

Yawan mabiya kuwa kada ya ruɗi kowa. Matasan da suka yi fafutukar rage shekarun tsayawa takara, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu 2018, har shekarun neman kujerar Majalisar Wakilai suka sauko daga 30 zuwa 25, sun yi amfani da intanet sosai, amma gyaran tsarin mulki na buƙatar amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36, kuma da ƙafa suka bi su.

Abu na ƙarshe da na tunatar da samarin nan shi ne cewa zanen aro ba ya rufe katara, kuma duk waɗannan dandali aro ne. Gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 har Janairu 2022. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro. Ranar 4 ga Oktoba ta 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya duka na wajen awa shida. Ƙungiyar da ba ta san mutanenta ba sai ta cikin waya, a irin waɗannan ranaku ba ta da kowa. Don haka na roƙe su da su sayi littafin rajista mai kauri, su rubuta sunan kowane mamba da lambarsa da ƙofar gidansu, su raba unguwar layi-layi, kowane layi da wakilin da zai iya ƙwanƙwasa ƙofa.

Kafin a kira sallar magariba suka amince za su buɗe sabon shafi da sunan mutum uku, ɗaya daga cikinsu mace, sakatare ya shigar da hakan cikin littafin taro, aka kuma wakilta dattawa biyu su je su sami mahaifin yaron nan, ko Allah zai sa a dawo musu da hotunan aikin maƙabarta na shekarun da suka wuce.