Masu Gardamar Malikussaif Sun Bar Jaki Suna Dukan Taiki

Duk inda masu son littattafan yaƙi suka haɗu, daga Kano har nan Gadarif, da wuya a tashi ba a taɓo Malikussaif Ibn Ziyazanun ba. Wasu sun karanta shi da Hausa kamar yadda Aliyu Abubakar Sharfaɗi ya fitar da shi a Kano, wasu sun saurare shi a waya ana karanto musu, namu na nan Sudan kuma da yawa sun san shi tun daga asalinsa na Larabci, Siratu Saif bin Zi Yazan. Ra'ayoyin da ake bayarwa a kansa ba su wuce uku ba. Kashi na farko suna cewa ya cika tsawo da ruɗani. Kashi na biyu suna cewa tsibin ƙarya ne da sihiri, bai dace da Musulmi ba. Kashi na uku masoyansa ne, waɗanda in ka ce akwai aibi ko ɗaya a cikinsa sai su ɗauke ka maƙiyi. Ni a ganina duka ukun sun bar jaki suna dukan taiki. Akwai maganar da ta cancanci a yi gardama a kanta a cikin wannan labari, kuma ba na jin ana yin ta.

Bari in fara sallamar masu kukan tsawo. Gaskiya ne labarin yana da tsawo. Bugun Larabcin da ake sayarwa manyan mujalladai huɗu ne. Gaskiya ne kuma mutanen cikinsa suna da yawa: ga Shama, ga Munyatun Nufus, ga aljana Akisa wadda suka sha nono ɗaya da Saif, ga Airud hadimin allon tsafi, ga bokayen nan biyu Sakardis da Sakardiyun, kafin a zo kan 'ya'yan Saif da nasu yaƙe-yaƙen. To amma wa ya ce an shirya shi domin a gama a dare ɗaya? Masu ba da labari ne suka gina shi a Masar a zamanin Mamluk, wajajen ƙarni na 15 zuwa na 16, suna karanta shi kashi-kashi ga jama'a, yau a tsaya a inda rai ya rataya, gobe a ɗora. Maimaicin da ke gundurar mai karatu a yau, shi ne ke tuna wa wanda bai zo jiya ba inda aka kwana. Mutumin Gadarif da ke shuka riɗi da dawa a farkon damina ya jira watanni kafin ya ga buhu, bai kamata a ji shi yana ƙorafin cewa labari ya ƙi ƙarewa a mako guda ba.

Abin dariyar ma shi ne, samarin da ke wannan kuka su ne ke kwana kallon Game of Thrones. George R. R. Martin ya fitar da littafin farko na wannan jeri a 1996, na biyar a 2011, har yau ana jiran na shida. Robert Jordan ya fara The Wheel of Time a 1990, ya rasu a 2007 bai kammala ba, sai Brandon Sanderson ne ya rufe shi da littafi na 14 a 2013. In Bature ya yi dogon labari mai mutum ɗari sai a ce zurfin tunani ne. In namu ne sai a ce surutu. Wannan ba sharhi ba ne, raina na gida ne.

Masu cewa ƙarya ce kuwa, sun makara da shekara kusan ɗari. Tun 1934 aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukkansu cike da aljanu da ƙasashen da babu su a taswira, kuma malamai ne suka rubuta su, 'ya'yan malamai. Kakanninmu sun rufe kowace tatsuniya da ƙurungus, kowa ya san ba hadisi aka karanta masa ba. Wanda ya ce labarin aljani mai ɗaukar mutum ya tashi sama zai ɓata masa imani, to ya duba imanin nasa. Haɗarin da ke cikin labari ba ya zama a wurin da kowa ya san ƙarya ce. Yana zama ne a wurin da aka saka ƙarya cikin rigar addini, mai sauraro ya haɗiye ta yana zaton ilimi ne.

A nan ne nake da magana da kashi na uku, masoya, domin su ne suka fi kowa sanin littafin, su ne kuma suka fi kowa yin shiru.

Harsashin da aka ɗora Siratu Saif a kai, a asalinsa na Larabci, shi ne wani labari da ake jingina wa Annabi Nuhu: wai ya yi wa ɗansa Ham baki, fatarsa ta yi baƙi, aka ƙaddara zuriyarsa za su zama masu hidima ga zuriyar Sam. Labarin ya nuna cewa Saif ne zai cika wannan baki, ya rinjayi Habasha da baƙaƙen mutane. Dalilin da ya sa bokayen sarkin Habasha ke neman hallaka shi tun yana yaro ke nan, kuma dalilin da ya sa suke ƙoƙarin hana aurensa da Shama. Cire wannan, rabin makircin labarin ya rushe. To ina tambaya, ya kai mai karatu: kai da ke tafa wa Saif, a wane ɓangare labarin ya ajiye ka? Dubi hannunka kafin ka amsa.

Wannan magana ba ta cikin Alƙur'ani. Malamai kuma ba su bar ta ta wuce ba. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ƙaryata ta a Muƙaddima, ya ce bambancin launin fata daga yanayin ƙasa da zafin rana yake. Ahmad Baba na Timbuktu, a Mi'irajus Su'ud da ya rubuta a 1615, ya bi sahunsa, ya nuna cewa launi ba ya halatta bautar da kowa, har ya ambaci Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Tun kafin su Ibnul Jauzi ya yi littafi sukutum kan falalar baƙaƙen mutane da Habashawa. Malamanmu sun yi aikinsu shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Mu ne muka zo muna sauraron labarin da ke farfaɗo da abin da suka binne, muna musu kan ko Akisa ta fi Airud ƙarfi.

Yana da kyau a san inda wannan gaba da Habasha ta fito, domin ba daga sama ta faɗo ba. Saif na tarihi basaraken Himyar ne a Yaman, wanda ya nemi taimakon Farisa ya kori mulkin Habasha daga ƙasarsa wajajen shekarar 570. Amma abokin gabarsa a labarin, sarki Saifu Ar'ad, sunan wani sarkin Habasha ne na gaske da ya yi mulki daga 1344 zuwa 1372. Tsakanin mutanen biyu akwai kimanin shekara 800. Masu labarin sun ɗauko gwarzon Yaman na da, suka haɗa shi faɗa da sarkin da Masar ta zamaninsu ke jin tsoro. Sarkin Kirista ne, suka mai da shi mai bautar tauraron Zuhal. Tsoron kuwa na ruwa ne: Masar ta daɗe tana fargabar sarakunan Habasha za su tare Kogin Nilu ko su karkatar da shi. Shi ya sa babban aikin da aka ɗora wa Saif shi ne ya samo Littafin Nilu, wanda da shi ne a ƙarshe ruwan ya gangara zuwa Masar. Da harshen yau, labarin farfagandar wata ƙasa ne a kan maƙwabciyarta, an yi masa ado da aljanu.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi yana iya cewa wannan tsohon zance ne na mutanen nesa. Mu a Gadarif ba mu da wannan uzuri. Habasha ba suna ba ne a cikin littafi a wurinmu. Iyaka ce da mota ke kai mutum cikin yini, a Gallabat da Matamma. A can ne aka kashe sarkin Habasha Yohannes na huɗu a yaƙinsa da mayaƙan Mahadi a 1889. Gonakin Fashaga, waɗanda aka sake ɗaukar makami a kansu a ƙarshen 2020, cikin jiharmu suke. A wannan shekarar ce kuma dubban mutanen Tigray suka tsallako suka cika sansanin Um Rakuba. Madatsar ruwan da Habasha ta fara ginawa a kan Shuɗin Nilu a 2011 ta dawo da tsohuwar fargabar nan ta Masar sabuwa fil. 'Yan ƙwadagon da ke tsallakowa lokacin yankan riɗi, da su ake cika rumbunan wannan gari. Yaron da ya tashi yana jin labarin da Bahabashe a cikinsa matsafi ne maƙiyin gaskiya, gobe shi ne zai yi ciniki da Bahabashe a kasuwa. Ya kamata wani ya tuna masa cewa ƙasar da aka fara yin hijira zuwa gare ta a Musulunci ita ce Habasha, kuma Najjashi ne ya ba Sahabbai mafaka.

Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa da ƙashinmu. Hausawan Sudan sun san ɗacin a yanke wa mutum hukunci da asalin kakansa. Kakanninmu sun zo ta hanyar Hajji, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno, suka noma ƙasar nan fiye da shekara ɗari. Duk da haka a watan Yuli na 2022, lokacin da rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu kan maganar sarautar gargajiya da ƙasa, abin da aka jefe mu da shi shi ne mu baƙi ne. An rasa rayuka masu yawa, jama'a suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartum. Mutanen da suka sha wannan, su ne ya kamata su fara gane warin maganar da ke cewa an rubuta matsayin wasu tun daga tsatso. In ba mu gane ta a cikin labarin dare ba, ta yaya za mu yi gardama da ita da rana?

Na san abin da masoya za su ce: ai tatsuniya ce, kada a ɗora mata kayan da ba nata ba. Amsata ita ce, ku ne kuka ce ba tatsuniya kawai ba ce lokacin da kuke kare ta daga masu cewa ɓata lokaci ce. Kun ce tana koyar da jarumta da riƙon alkawari da tauhidi. To abin da ke iya koyar da alheri yana iya koyar da kishiyarsa. Ba a cin naman a ce ba a san da ƙashi ba.

Kada kuma wani ya ɗauka ina kira a ajiye littafin. Ina kira a karanta shi duka, da ido buɗe, domin wanda ya daure ya bi shi zai tarar labarin da kansa yana warware igiyar da ya ɗaure. Mahaifiyar Saif, Ƙamariyya, daga fadar sarkin Habasha aka aiko ta, ashe gwarzon da aka ce zai rinjayi 'ya'yan Ham ta ɗakinsu ya fito. Shama, matar da ya sayar da ransa dominta, 'yar sarki Afrah ce, na ƙarƙashin sarkin Habasha. An nemi ya kawo kan Sa'adun Bazanje a matsayin sadaki, ya je suka gwabza, ya ƙi kashe shi, Sa'adun ya zama amininsa kuma ɗaya daga cikin manyan baradensa. Masu ba da labarin sun gāji wata mummunar magana, amma da suka zo gina mutane, hannunsu ya ƙi bin bakinsu. Wannan karo tsakanin harsashi da ginin da ke kansa shi ne abu mafi daɗi a cikin Malikussaif, kuma wanda ya tsaya a kashi na biyu saboda gajiya ba zai taɓa ganinsa ba. Ga amfanin tsawon da ake kuka da shi.

Saboda haka ga roƙona. Masu karanta wa jama'a shi a waya ko a zaure, in kun zo kan maganar Nuhu da Ham ku dakata minti ɗaya ku faɗa wa masu sauraro cewa malamai sun ƙaryata ta. Marubutanmu na littattafan yaƙi, irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da na bayansa, waɗanda suka gāji wannan fage, su lura da launin da suke shafa wa mugu da wanda suke shafa wa gwarzo. Masu sharhi kuma ku daina auna littafi da mudu kamar hatsi. In za mu yi musu a kan Malikussaif, mu yi musun da ya kai girmansa: me ya ce game da mu, me ya ce game da maƙwabtanmu, kuma me za mu karɓa, me za mu mayar masa. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Sudan, Ya sa mu dace.