Shin Ana Iya Auna Son Zuciya da Lamba?



Ya kai mai karatu, mun saba jin an ce komai yana da farashinsa. Wannan magana tana da tushe a ilimin lissafi, kuma tushen da kansa ya nuna iyakarta.

A shekarar 1944, John von Neumann da Oskar Morgenstern suka fitar da littafinsu kan nazarin dabarun wasa da halayyar tattalin arziki a Amurka. Suka nuna cewa ana iya ba wa abin da mutum ya fi so lamba, amma da sharuɗɗa. Daga ciki: ya iya kwatanta kowane abu biyu, kuma idan ya fifita dabino kan lemo, lemo kan goro, to dole ya fifita dabino kan goro.

Ga yadda awon yake. A ba dabino lamba 1, goro 0. Sai a tambaye shi: lemo a hannu, ko ƙuri'ar da za ta iya ba ka dabino ko goro? Idan biyun suka yi daidai a wurinsa lokacin da damar samun dabino take 70 cikin 100, lambar lemo ita ce 0.7.

Sai dai akwai wani sharaɗi mai nauyi: wajibi ne a samu irin wannan gaɓa ta daidaito a kowane lokaci. A 1954, Gerard Debreu ya kawo misalin zaɓi mai tsarin ƙamus, inda harafin farko ke yanke hukunci kafin a dubi na biyu. Irin wannan fifiko, lamba guda ba ta iya ɗaukarsa.

Ɗaliban usulul fiƙhi za su tuna yadda Imam al-Gazali ya jera maslaha: larura, sannan buƙata, sannan ƙawa. Ƙawa komai yawanta ba ta sayen rai ɗaya.

A ganina, wannan lissafi ni'ima ce wajen zaɓen sana'a, kasuwanci ko magani, domin yana tona saɓanin da ke cikin zaɓinmu. Amma kafin ka ɗora abu a sikeli, ɗan'uwa, fara tambayar kanka: wannan na sayarwa ne kuwa? Amsar ba ta cikin lamba.

Wallahu a'alam.