Kiɗan da ba ya kwarmato

Jama'ar Babura, Nijar tana bayan gidanku, amma na yi amanna kaɗan ne a cikinku suka taɓa zama suka saurari Denke Denke, faifan farko da ƙungiyar Mamar Kassey ta Yamai ta fitar a 1999. Ku nemo shi. Yacouba Moumouni yana busa sarewar Fulani a natse, molo da ƙwarya da kalangu suna biye, jita kuma ta san matsayinta, ba ta danne kowa. Wannan ladabin ne ya kama ni, irin wanda Haruna Uji na Haɗeja ya riƙa yi wa gurminsa, ya bar kowace tsirkiya ta faɗi maganarta. A dandali 'yan Mamar Kassey sun fi zafi, don masu rawa kan shigo kalangu ya ɗau wuta, sai dai ni faifan na zaɓa, ko da za ku ce tsufa ne. Amma a bukukuwanmu na Kazaure da Roni da Gwiwa yanzu, DJ kan ƙure sifika har uwar amarya ba ta jin gaisuwar baƙinta, mai garaya kuwa yana gefe ba wanda ya miƙa masa makirufo.