BAYAN KYAMARA: Furodusan Sakkwato, ina hedifon ɗin ku?

Mai karatu, ga wani abu da ke yawan faruwa da matasa masu shirya fim a birnin Shehu. An tara 'yan wasa a wani gida a Mabera ko Runjin Sambo, an yi hayar kyamara, an sha rana tun safe har la'asar. Jaruma ta yi kukan da ya sa kowa a lokeshin ya yi tsit. Sai an je wurin edita a ji aika-aika: ƙarar janaretan maƙwabta ta danne maganar, ga hon ɗin 'yan kabu-kabu, ga iska ta na dukan makirfo bub-bub. Darakta ya riƙe kai ya na cewa, "Mi ya faru? Ai ba mu ji wanga ƙara ba!" To ina za a ji, tunda babu wanda ya sa hedifon?

Kunnen ɗan'adam gwanin tace sauti ne. Idan mutum ya na sauraren abokin hirar sa, ƙwaƙwalwa kan ture ƙarar fanka da ta babur gefe guda. Makirfo bai san wannan ba, duk abin da ya shigo kwashewa ya ke yi. Hanya ɗaya da mai ɗaukar sauti zai ji abin da makirfo ke ji ita ce ya jona hedifon a jikin kyamara ko rikoda, ya rufe kunnuwan sa tun daga "akshin" har zuwa "kot". Idan ya ji matsala ya ɗaga hannu a sake. Sake fitowa ɗaya minti biyar ne. Sake tara 'yan wasa wata rana kuwa, sai aljihun furodusa ya yi kuka.

A da, zamanin kaset, tun daga 'Turmin Danya' na 1990, a talabijin ake kallo, yara na surutu, fanka na juyawa, kurakurai da yawa su na ɓuya. Yanzu fa? Tun da shirye-shirye irin su 'Izzar So' da 'Labarina' su ka fito a 2020, kallo ya koma waya, kowa da iyafis a kunne. Ɗan kallo ya na jin komai, har numfashin mai riƙe da makirfo. Zai iya haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma da ya kasa jin magana sai ya danna wani fim. Ga kuma Sakkwatanci da daɗin sa: "hw" ɗin nan da nannauyan baƙaƙe su ne gishirin zancen. Idan sauti ya dagule, Bakano ba zai gane ba, Basakkwace kuma ba zai ji daɗi ba.

Wani zai ce ai ya na da hedifon na Bluetooth mai tsada. A ajiye shi don jin waƙa. Bluetooth ya na da jinkiri, sau da yawa tsakanin kashi ɗaya zuwa kashi uku cikin goma na daƙiƙa. A fim mai hoto 25 a daƙiƙa, jinkirin kashi biyu cikin goma daidai ya ke da hoto 5, wato baki ya motsa kafin murya ta iso. A situdiyo abin ya fi muni. Mawaƙiya ta na rerawa, muryar ta na dawo mata a makare, dole ta saɓa da kiɗan fiyano. Mai waya ba ya jinkiri, ba ya neman caji, kuma a garin da ake ɗauke wuta ba sallama wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan waya, sai rufi. Hedifon iri biyu ne: mai rufaffen baya da mai buɗaɗɗen baya. Na lokeshin da na ɗakin rera waƙa dole ya zama rufaffe. Ya na tare hayaniyar waje, kuma ya na hana kiɗan da mawaƙi ke ji ya tsiyayo ya shiga makirfo. Buɗaɗɗen ya fi dacewa da mai haɗa sauti da ke zaune shi kaɗai a ɗaki shiru.

Abu na uku shi ne gaskiya. Hedifon na kasuwa an yi shi ne don ya faranta rai, ya kan ƙara dum-dum ɗin ganga ya lulluɓe aibi. Na aiki kuwa ba ya kara, yadda sauti ya ke haka zai kawo shi. Shi ya sa Sony MDR-7506, wanda ya fito tun 1991, har yau ake ganin sa a wuyan masu ɗaukar sauti a Amurka da sauran duniya. Haka DT 770 Pro na kamfanin Beyerdynamic na Jamus, da HD 25 na Sennheiser, da ATH-M50x na Audio-Technica wanda ya fito a 2014. Ba ado gare su ba, amma ba su yi wa mai su ƙarya.

Mai saye ya duba lambar "ohm" a jikin kwali. DT 770 Pro, alal misali, akwai mai 32, akwai mai 80, akwai mai 250. Mai 250 ya na buƙatar na'urar ƙara ƙarfi. Idan aka jona shi kai-tsaye a kyamara ko waya, sai a ji sautin can ƙasa-ƙasa. Wanda lambar sa ba ta wuce 80 ba shi ne abokin tafiya lokeshin. A duba bakin wayar kuma: ƙaramin mai milimita 3.5 na kyamara da kwamfuta ne, babban mai 6.35 na kayan situdiyo, don haka kada a bar shago sai da ɗan mahaɗin su. Jabu sun yi yawa. Duk wanda aka yi wa tayin babban suna a kuɗin banza, ya tuna araha ba ta ado. A je da waƙar da aka sani sarai, a gwada kunnen dama da na hagu kafin a biya.

Sakkwato kuma ta na da nata sharuɗɗan. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, gumi ya na cinye fatar kunnen hedifon har ta riƙa ɓarewa. A goge bayan aiki, kada a bar shi cikin mota a rana, lokacin hunturu a sa shi a jaka saboda ƙura. Fatar ana sake ta, ba sai an yar da hedifon ba. Wayar ma kada a nannaɗe ta da ƙarfi, daga nan mutuwar sa ke farawa.

Sai babban gargaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sautin da ya kai desibel 80 bai kamata babba ya saurare shi fiye da awa 40 a mako ba, kuma da an ƙara murya lokacin ya ke raguwa da sauri. Yaron situdiyo da ke kwana da hedifon a ƙure, idan ya fara jin "tiii" a kunne bayan aiki, to ƙararrawa ce. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. A rage murya, a riƙa hutawa. In an gama haɗawa kuma, a saurari aikin a lasifikar waya da ta talabijin, don a can 'yan kallo za su same shi.

Ƙasar da ta fitar da Ibrahim Narambaɗa da Ɗan Anace ba baƙuwar murya ba ce. Jikoki na jin su a yau ne saboda wani ya zauna ya ɗauki sautin. Saboda haka furodusa, kafin a ƙara kuɗi a sayi sabuwar kyamara, a fara sayen hedifon mai waya, a ba yaro ɗaya amanar sa, a kuma ba shi ikon tsayar da aiki ko da jarumi ya ɓata rai. Allah ya ba da sa'a.