Fasahar zamani: ribar tana hannun wanda ya iya gyara

Daga Yamai zuwa Damagaram, da wuya a tashi daga fadar shayi kwanakin nan ba a taɓo zancen ƙirƙirarriyar basira ba, da fargabar cewa na'ura za ta ƙwace wa mutane aiki. Wannan fargaba tana da tushe a ƙasashen da galibin jama'a ke aikin ofis. A Nijar kuwa, inda mafi yawan mutane ke cin abinci da noma, kiwo da ƙananan sana'o'i, sauyin zai shigo ne ta wayar salula, farantin sola da injin ban ruwa.

Alamun sun riga sun bayyana a harkar kuɗi. A da, ɗan ci-rani da ke Abijan ko Legas sai ya jira mai tafiya gida ya danƙa masa saƙo. Yau da NITA, Al Izza, Amana ko Airtel Money, kuɗin cefane na isa Tasawa kafin a sauke tukunya. A watan Satumban 2025, babban bankin yankin BCEAO ya ƙaddamar da tsarin da ke haɗa bankuna da asusun waya domin biya nan take. Idan ya kankama, layin da ake yi gaban kanta zai ragu, kuma wasu ma'aikatan ƙirga kuɗi za su nemi wata sana'a.

Intanet ma yana matsowa ƙauye. Tun 2025 Starlink ke aiki a ƙasar da izinin hukuma, wato garin da eriyar waya ba ta kai ba yana iya samun layi daga tauraron ɗan Adam. Sai dai kowace na'ura wuta take ci. Kowa ya ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse lantarkin da ƙasar ta dogara da shi: tela, mai walda da mai sayar da ƙanƙara duk sun zauna. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da ta Malbaza mai megawat 7 sun nuna mafita, amma mafi yawan ƙauyuka ƙananan farantai ne za su haskaka su, gida-gida, shago-shago.

Haka abin yake a gona. Manomin albasa a Galmi da ya koma injin sola ya huta da sayen man fetur kullum. Kuma ɗan ƙasar nan ne, Abdou Maman Kané, ya ƙirƙiro hanyar kunna ban ruwa daga nesa da wayar salula, har ta kai shi ga lambar yabo ta duniya kan ruwa a 2015.

Matsalar ita ce kusan duk waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, kuma suna lalacewa. Ƙura tana rufe faranti, zafi yana kashe batir, yashi yana cinye famfo. Injin da ya tsaya mako biyu a tsakiyar rani ya isa ya hallaka gonar albasa. Don haka aikin da zai fi samuwa nan da ƴan shekaru shi ne na mai haɗawa, mai aunawa da mai gyarawa. Wasu za su ce wannan ƙaramin buri ne, kamata ya yi matasa su koyi rubuta manhaja. Su ma ana buƙatarsu, amma manhaja ba ta aiki a wayar da ba ta da caji.

Ya kamata jami'o'in Maradi, Tawa da Damagaram da cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi su sa aikin sola da gyaran na'urori a gaba, a koyar da Hausa da Zabarmanci, a buɗe ƙofa ga ƴan mata. Mai digiri da ke jiran aikin gwamnati kuma ya daina ganin riƙe filaya a matsayin faɗuwa.

Ƴan ci-rani su ma suna da rawar takawa. Jikkunan da za a kashe wajen aiko wa ƙane babbar waya sun isa su biya masa kuɗin koyon aiki da akwatin kayan gyara. Wayar za ta tsufa cikin shekara biyu, sana'ar kuwa za ta ciyar da gida.